Kowa ya tuna bara...



Cikin watan Agusta na shekarar 2021, a ƙasar Amurka, wani mutum da ba a bayyana sunansa ba ya ƙirga dalar Amurka miliyan 2 ya sayi kaset ɗaya tak na wasan Super Mario Bros., wanda ba a taɓa buɗe kwalinsa ba tun shekarun 1980. A canjin wancan lokaci kuɗɗin sun haura miliyar ɗaya na sefa. Ran da na ba wani dattijon ɗan kasuwa wannan labari a bakin shagonsa, sai ya kaɗa kai ya ce da ni: «Yaro, zinariya ce a cikin kwalin nan?» Na ce masa: «Baba, roba ce da ɗan guntun ƙarfe. Wasan nan ne na ɗan mutum mai gashin baki da jar hula, wanda muke biyan dala biyar mu taɓa a zauren maƙwabta muna yara.» Ya ce: «To, wanda ya saya ƙuruciyarsa yake nema, ita kuwa ba ta sayuwa.»

Maganar dattijo tana kan hanya, domin begen tsofaffin na'urori ya zama babbar kasuwa a ƙasashen Turawa da Japan. A watan Nuwamba na 2016 kamfanin Nintendo ya sake ƙera tsohuwar na'urarsa ta wasa a ƙaramar siffa, da wasanni 30 a cikinta, kuma kafin ƙarshen watan Afrilu na 2017 an sayi miliyan 2 da dubu 300. A 2018 an yi wa kwamfutar Commodore 64 irin wannan tashi daga kabari. A Faransa akwai ƙungiya sukutum mai suna MO5.COM wadda aikinta shi ne tattara waɗannan na'urori, da gyara su, da baje su ga jama'a. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Saboda haka ya kamata mu tambaya: mene ne babu a bana, alhali kowa yana da tarho a aljihu wanda ya fi waɗannan tsofaffi ƙarfi ninki dubbai?

Kafin mu ba da amsa, sai mu san irin na'urorin da ake magana a kansu. Mu ɗauki Commodore 64, wadda ta shigo kasuwa a watan Agusta na 1982 a kan dalar Amurka 595. Siffarta kamar keken rubutu ne marar takarda, ana jona ta da telen gida. Lambar 64 da ke cikin sunanta yawan abin da take iya riƙewa ne, wato haruffa wajen dubu 65. Wannan rubutu da kuke karantawa zai shiga cikinta kamar sau 7, amma hoto ɗaya na tarhon yau ya fi ƙarfin cikinta nesa ba kusa ba. Wasanninta a kan kaset irin na waƙa ake ɗaukar su, mutum ya danna ya zauna yana jira mintoci da dama, in kaset ya ɗan cije kuma a koma farko. Duk da haka an sayar da fiye da miliyan 12, har littafin bajinta na Guinness ya sa ta a matsayin samfurin kwamfuta da aka fi saye a tarihi.

Abin lura shi ne yadda take tarbar mai ita. In ka kunna ta, babu hoto, babu talla, babu wanda ya tambaye ka lambar tarho. Allon tele yakan yi shuɗi, wata kalma ta Ingilishi ta fito wadda ma'anarta ita ce «na shirya», ɗan ɗigo kuma ya riƙa ƙyaftawa a ƙarƙashinta yana jiran umurninka. Ko wasa kake so, sai ka rubuta mata umurni da hannunka. Littafin da ke zuwa cikin kwalinta yana koya maka BASIC, harshen da ake yi mata magana da shi, daki-daki, tun daga yadda za ka sa ta rubuta sunanka sau ɗari har zuwa yadda za ka sa ta yi lissafin riba da faɗuwa. Jaridu ma sun shiga ciki. A Faransa, daga 1983 zuwa 1987, akwai wata jaridar mako-mako mai suna Hebdogiciel wadda take buga porogaram, wato jerin umurnin da ke haɗuwa ya zama wasa, layi bayan layi. Yaro yakan share yini guda yana kwafewa, in ya ɓata waƙafi ɗaya wasa ya ƙi tashi, sai ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya yana neman kuskurensa. A wajen neman kuskuren nan ne yake gane yadda abin ke aiki, daga nan ya canza launi, ya ƙara wa kansa rayuka, wata rana kuma ya rubuta nasa ya aika wa jaridar.

Gwamnatin Faransa ma ta yi ƙoƙarin kai wannan dama ga ɗiyan talakawa. A watan Janairu na 1985 firaminista Laurent Fabius ya yi shelar wani shiri na sa kwamfuta a kowace lekol: na'urori wajen dubu 120 a makarantu dubu 50, tare da horar da malamai dubu 110. Yawancin na'urorin na kamfanin Thomson ne, musamman MO5, mai maɓallan roba da alƙalamin da ake taɓa allon tele da shi. Ita ce ƙungiyar da na ambata ɗazu ta ari sunanta.

A nan ne labarinsu ya rabu da namu. Lokacin da MO5 ta fito a 1984, kuɗɗinta faran 2,390 ne na Faransa. A zamanin, faran ɗaya sefa 50 ne, ke nan kusan jaka 120 kafin a sa kuɗɗin jirgi da na duwan, kuma sai gidan da ke da kuran da tele. Ma'aikaci nawa ne zai iya fidda wannan daga albashinsa don abin da zai ɗauka wasan yara ne? Da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, duk abin da ke zuwa daga waje ya ninka kuɗɗi, a watan Afrilu na wannan shekara kuma kamfanin Commodore ya karye. Zamanin kwamfutar gida mai jiran umurni ya zo ya wuce, mafi yawanmu ko ƙurarsa ba mu gani ba.

Abin da ya iso gare mu, mu da muka tashi a ƙarshen shekarun 1990, shi ne kwaikwayon Famicom, na'urar wasa da Nintendo ya fitar a Japan a watan Yuli na 1983. Ana ƙera kwaikwayon a ƙasashen Asiya, ƴan kasuwa su kawo shi da araha. Ina tune da wadda ke unguwarmu kamar jiya: manet biyu masu gajeren waya, da kaset rawaya wanda aka rubuta wa wasanni dubbai a goshi, alhali in ka ƙirga da kyau ba su wuce goma ba, sunaye kawai ake canza musu. In hoto ya rikice a ciro kaset a hura masa iska a mayar. In akwatin wutar ya yi zafi a ɗora shi kan tulu. Mu goma sha muke zama a kan tabarma ɗaya, biyu na wasa, sauran na ba da shawarar da ba a tambaye su ba, wanda ya mutu ya miƙa manet ga na gaba ba tare da gardama ba. Ran da kuran ya dawo da ƙarfi ya ƙona ta, unguwa ta yi tsit kamar an yi rashi.

Ina begen wannan zama, ba zan ɓoye muku ba. Amma da na girma na karanta tarihin abin, sai na gane cewa an ba mu ɗaki ne aka riƙe mabuɗi. Tamu na'urar ba ta da kilabiye, ba ta da littafi, ba ta taɓa tambayarmu abin da muke so ta yi ba. Mun san kowane rami da kowane ɓoyayyen bututu a matakai 32 na Super Mario Bros., amma babu ɗayanmu da ya taɓa jin cewa mutane ne suka zauna suka tsara shi, a ƙarƙashin jagorancin Shigeru Miyamoto, a 1985, suka cusa shi duka cikin wurin da bai kai na Commodore 64 ba. Mun ɗauka haka nan ya faɗo daga sama.

Ku dubi kuwa abin da mabuɗin ya haifar a hannun waɗanda aka ba. A Helsinki ta ƙasar Finland, wani yaro mai suna Linus Torvalds ya fara rubuta porogaram a kan Commodore VIC-20 ta kakansa. A 1991 ya fito da Linux, wanda a kansa aka gina Android. A Faransa, Éric Chahi ya shafe wajen shekara 2 kusan shi kaɗai yana ƙera wasan Another World a kan kwamfutar Amiga, ya fito a 1991 ya zagaya duniya. A Ingila, kamfanin Acorn da ya ƙera BBC Micro a 1981 domin makarantu, shi ne ya tsara ƙwaƙwalwar ARM a 1985, jikokinta ne kuma ke cikin kusan kowane tarho na hannu. Ke nan Alhajin da ke karɓar hoton kaya daga Dubai ta WhatsApp yana cin gajiyar yaran da aka bari suka yi ɓarna da gyara a kan kwamfutocin gidajensu.

Su kansu Turawa sun ji rashin wannan mabuɗi da ya ɓace musu. A jami'ar Kambirij, Eben Upton da abokan aikinsa sun lura cewa masu neman shiga sashen ilimin kwamfuta sun ragu, waɗanda ke zuwa kuma ba su da gogewar na da, domin sun tashi da na'urorin da ba sa buɗuwa. Maganin da suka kawo shi ne Raspberry Pi, kwamfuta mai girman katin banki, wadda ta fito a watan Fabrairu na 2012 a kan dalar Amurka 35, ana jona ta da tele kamar na da. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kada a ce na mai da bara aljanna. Na'urorin nan suna da tsada, suna da nawa, kaset ɗin wannan ba ya shiga waccan. Shirin Fabius ma bai kai inda aka so ba: horon malamai na ƴan kwanaki ne lokacin hutu, na'urori da yawa sun ƙare a kabad, kuma a 1989 Thomson ya bar sana'ar gaba ɗaya. Darasi ne ga duk ma'aikacin da aka ɗora wa sayen kayan makarantu: tara na'urori abu ne mai sauƙi, samar da mushen da ya iya su shi ne aikin. Kuma babu ɗan kasuwa mai hankali da zai ba da tarhonsa a ba shi MO5. Abin da nake cewa kawai shi ne, tarhon da muke miƙa wa ɗiyanmu don su bar mu mu huta, an ƙera shi ne domin su kalla, su danna, su sayi ƙarin megabit. Bai taɓa ce musu «na shirya» ya tsaya jiran umurninsu ba.

Ga abin da ya sauƙaƙa a yau, wanda bai samu ga iyayenmu ba. Tsohuwar kwamfutar da aka ajiye a kusurwar biro ko a bayan shago don ta yi nawa, ta fi Commodore 64 ƙarfi ninkin ba ninki. Akwai Scratch, harshen koya wa yara tsara wasa, wanda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar kyauta a 2007. Yana magana da Faransanci, kuma in an sauke shi sau ɗaya yana aiki ko babu intanet. Abin da ya rage shi ne uba ya yarda yaro ya taɓa, ya ɓata, ya gyara, ba tare da an daka masa tsawa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na gwada wannan a kan ɗan ƙanwata mai shekara 11. Na nuna masa Mario na da, ya kalla minti biyu ya ce: «Kawu, wannan ne kuke ta ba mu labari? Ai ko fuska ba ya da ita.» Ban yi gardama ba. Na buɗe masa Scratch a tsohuwar kwamfutata, na nuna masa yadda ake sa ƴar kyanwa ta yi taku goma, na tafi harkokina. Da na dawo da la'asar na tarar ya ɓata rai, kyanwa tana tsalle tana ficewa ta saman allo ba ta dawowa. Ya ce: «Kawu, ta ƙi jin magana.» Na ce masa: «Abin da ka gaya mata shi take yi. Koma ka duba me ka gaya mata.» Aka kira shi cin tuwo har sau uku bai tashi ba.

Sai mako mai zuwa, in rai ya kai mu.