Tsuntsayen da Ba Su San Shaho Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gonar gero ya ga cincirindon jan-baki sun taso kamar hayaƙi, suna murɗawa suna warwarewa ba tare da ɗaya ya yi karo da ɗan'uwansa ba, zai yarda cewa akwai abin al'ajabi a wurin. Wannan al'ajabi ne wasu masana kwamfuta suka ɗauko suka mayar da shi kiɗa, har ake ikirarin na'ura ta iya ƙaga kiɗa nan take kamar yadda makaɗi yake yi. Mu kuwa muna da ja a kan wannan ikirari.

Bari mu fara da ba su haƙƙinsu, domin aikin ba na wasa ba ne. A shekarar 1986 wani Ba'amurke mai suna Craig Reynolds ya nuna cewa dokoki uku kacal sun isa su sa tsuntsayen da aka zana a kwamfuta su yi shawagi tamkar na gaskiya: kada ka matsi maƙwabcinka, ka fuskanci inda maƙwabtanka suka fuskanta, kada kuma ka yi nisa da su. Babu sarki, babu madugu. A 2008 masu binciken da suka ɗauki hotunan tsuntsayen da ke cika sararin birnin Rum da maraice suka gano cewa kowane tsuntsu maƙwabta shida ko bakwai kawai yake lura da su.

A 2002 ne Tim Blackwell da Peter Bentley a birnin Landan suka bayyana yadda suka juya wannan dabara zuwa sauti. Kowane ɗigo da ke yawo cikin kwamfutar, matsayinsa ne ke yanke kaifin sautinsa da ƙarfinsa da tsawonsa. Idan ɗan'adam ya kaɗa nasa kayan kiɗan, na'urar sai ta mai da abin da ta ji wani wuri mai jan ɗigogin, su yi ca a kansa, abin da ya fito daga wannan rububi shi ne amsar da za ta ba shi. An kamanta wannan da yadda gara ke gina suri: wata ta ajiye ƙasa, wata ta tarar ta ɗora, ba tare da sun yi shawara ba.

To, a nan gizo yake saƙar. Kama da wane ba ta wane. Me ya sa tsuntsaye suke cure wuri guda tun farko? Babban dalili shi ne tsoro. Shaho na sama, wanda ya ware daga jama'a kuwa shi ne abincin rana. Kyawun da muke gani a sararin sama, kyawun masu gudun mutuwa ne. Tsuntsayen kwamfuta ba su san shaho ba, ba su san yunwa ba. An kwashe musu siffar tashi, an bar dalilinsa a daji.

Haka abin yake ga kiɗan nan take. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya shahara da tsara waƙa a tsaye a gaban jama'a, masu kalangu na bin sa, 'yan amshi na karɓa. Amma abin da ya sa wannan ya zama bajinta shi ne akwai abin da zai iya rasawa. Yana duban fuskar wanda yake wa waƙa, ya san asalinsa, ya san abin da zai faɗa a yi masa kyauta da abin da zai faɗa a ƙulla gaba. Kalma ɗaya ta kuskure, mutunci ya zube. Wannan shi ne shahonsa. Na'ura fa, wace kunya za ta ji in ta yi ɓaranɓarama?

Za a ce mana ai masu sauraro sukan ji daɗin abin, wani lokaci ma su kasa bambance shi da na mutum. Ba mu musa ba. Kukan kanari ma yana da daɗi, haka nan saukar ruwan sama a kan kwano, amma ba mu taɓa jin an naɗa ɗayansu Sarkin Makaɗa ba. Za a kuma ce na'urar tana sauraron abokin kiɗanta. Gaskiya ne tana auna sautinsa, sai dai aunawa daban, fahimta daban. In an ji ma'ana a irin wannan zama, daga ɗan'adam ɗin da ke zaune kusa da ita ta fito, shi da ya zaɓi abin da zai amsa da abin da zai ƙyale.

Saboda haka ba muna kiran a yi watsi da wannan bincike ba ne. Ya koya mana cewa tsari na iya fitowa ba tare da shugaba ba, kuma sabon kayan kiɗa ne mai ban sha'awa. A kira shi da sunansa, wato kayan kiɗa, ɗan'uwan kalangu da kukuma. Abin da muka ƙi shi ne a kira shi makaɗi. Ɗalibanmu na adabi, ku ne za ku gaji waɗannan kalmomi, kuma in kuka yarda fasaha ba ta wuce dokoki uku ba, to kun sallama abin da kuka zo nan ku nazarta. Duk ran da aka kunna muku irin wannan kiɗa, ku saurara da kyau, sannan ku tambayi mai shi: ina shahon?