Maɗaurin Tsintsiyarka Yana Hannun Wa?

Maganar wannan mako za ta kai mu wajen mutanen da yawancinmu ba mu taɓa zama da su ba, wato masu wasan Dungeons & Dragons da ire-irensa. Kada wani ya ce ina ruwansa da wasan Turawa. Mutanen nan sun shafe shekara 50 suna fama da ciwon da ke kashe dogayen labaranmu, kuma sun riga mu shan wuyar da ke jiranmu a gaba.

Ga yadda wasan yake. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fito da shi a Amurka a 1974. Mutum huɗu ko biyar za su kewaye teburi, kowa ya ɗauki jarumi ɗaya. Mutum guda kuma shi ne mai jan labari: shi ke riƙe da garuruwa, sarakuna, dodanni da duk abin da jaruman za su tarar a hanya. Idan jarumi ya kai sara, sai a jefa ɗan lido mai fuska 20, abin da ya nuna shi zai yanke ko saran ya samu. Kamfani yana sayar da littattafai cike da dodanni da makamai da sihiri, amma masu jan labari da dama sun fi son su ƙirƙiri nasu. Wannan shi za mu kira ƙirar gida.

Da wasan ya koma intanet, sai manhajoji suka maye gurbin teburi. Roll20 ta fito a 2012, D&D Beyond a 2017, Foundry a 2020. A cikinsu kowane abu da shafinsa: takobi da shafinsa, dodo da shafinsa, gari da shafinsa. Babban aikin mai jan labari shi ne ɗaure shafukan nan da juna. A Roll20, idan ka rubuta sunan wani shafi cikin baka mai kusurwa, sai ya zama mahaɗi, ana taɓawa ya buɗe. A Foundry kuwa jawo abu kake yi ka ajiye cikin rubutu, manhajar ta ɗaure su da wata lambar shaida da kowane abu ke da ita. Ta haka ɗan wasa zai taɓa sunan takobi ya ga maƙerin da ya ƙera shi, ya taɓa maƙerin ya ga garinsu, ya taɓa garin ya ga sarkin da ya kore shi.

A nan zan fara faɗa da mu kanmu. Da yawa daga cikin masu rubuta labaran yaƙi da na aljanu a yanzu sun ɗauka cewa ƙirƙira ita ce raɗa suna. Shafi na farko birni bakwai, sarki tara, takobi mai suna mai tsayin zira'i, zobe mai hasken da ke makantar da runduna. Ka kai shafi na 40, babu abin da ya haɗa zoben da kowa. Wa ya ƙera shi? Wa ya rasa shi? Wa zai mutu idan aka same shi? Shiru. Tsinken tsintsiya dubu ne aka zube a ƙasa babu maɗauri, kuma duk mun san ba a shara da su.

Mai jan labarin wasa ba shi da damar yin wannan sakaci, domin masu sauraronsa suna gabansa kuma suna da baki. Yana ambaton maƙeri, wani zai ce, “To mu je garinsu.” Idan shafin garin babu komai, wasa ya tsaya cak, kowa yana kallonsa. Shi ya sa gwanayensu suka gane cewa abu goma masu alaƙa da juna sun fi abu ɗari da ke zaman kansu. Takobi ba ya zama labari sai an san cewa maƙerinsa yana bin sarki bashi, kuma 'yar maƙerin tana cikin gidan sarki. Mu kuwa mai karatunmu ba ya iya tsayar da mu a tsakiyar jimla. Abin da yake iyawa shi ne ya daina buɗe shafi na gaba, mu kuma mu zauna muna cewa mutane sun daina karatu.

Faɗa na biyu ya fi zafi. Ko ka ɗaure komai tsaf, sai ka tambayi kanka: igiyar ta wace ce? Dubi abin da ya samu masu D&D Beyond. A 2022 kamfanin Hasbro, mai mallakar Wizards of the Coast, ya saye manhajar a kan dala miliyan 146.3. A Janairun 2023 wani daftari ya fito fili da ke nuna kamfanin na shirin sauya lasisin da tun shekarar 2000 ya bai wa kowa damar gina nasa a kan dokokin wasan. Sabon tsarin ya ƙunshi karɓar kashi 25 cikin 100 na kuɗin da ya haura dala 750,000 daga manyan masu wallafa, da kuma bai wa kamfanin ikon amfani da abin da mutane suka ƙirƙira. Aka yi caa, mutane suka riƙa soke biyan kuɗinsu na manhajar, kafin watan ya ƙare kamfanin ya janye, har ya saki ginshiƙan dokokin a ƙarƙashin lasisin Creative Commons.

A Agustan 2024 aka sake. Da sabon bugun dokoki ya kusa fitowa, aka sanar cewa sihiri da kayan sihiri na bugun 2014 za a maye su da sababbi a takardun jarumai. Wanda ke son tsohon, sai ya sake gina shi da hannunsa a matsayin ƙirar gida. Ka yi tunanin mutumin da ya shekara biyar yana ɗaure duniyarsa da waɗannan abubuwa, rana ɗaya a ce masa abin da ke ƙarshen igiyarsa ya canza. Nan ma sai da aka yi hayaniya kafin kamfanin ya fasa.

Wani zai ce, ai ga shi duka biyun an janye, ina matsalar? Matsalar ita ce ɗimbin masu biyan kuɗi ne suka sa aka saurare su. Akwai lokutan da hayaniya ba ta yi amfani ba. A Afrilun 2019 Google+ ta rufe, alhali a can ne ɗimbin masu ƙirƙirar irin waɗannan wasanni suka tara muhawarori da dabaru na shekaru. Mu ma ba baƙin wannan ba ne: a ƙarshen Nuwamban 2023 OkadaBooks ta rufe, bayan marubutan Hausa da yawa sun zuba littattafansu a ciki. Kayan aro ba ya rufe katara. Wanda ke da kwafin littafinsa ya tsira da rubutu. Amma tsarin da ya haɗa wannan da wancan, wanda ke zaune a kwamfutar kamfani kaɗai, ba ya biyo mutum gida.

Wani kuma zai ce, to a koma ga biro da takarda ke nan? A'a. Manhajojin nan suna da amfani sosai: suna lissafi, suna nemo suna cikin daƙiƙa, suna haɗa 'yan wasa daga ƙasashe daban-daban. Ba kuma duka suka zama ɗaya ba. Foundry sau ɗaya ake sayenta, mutum ya ajiye duniyarsa a kwamfutarsa. Obsidian, wadda masu jan labari da yawa suka koma wa, tana ajiye kowane shafi a matsayin fayil na rubutu zalla, mahaɗin kuma sunan shafi ne cikin baka biyu, ko manhajar ta mutu idonka zai iya karanta shi. Abin da nake yaƙi da shi shi ne mutum ya mayar da shagon haya ya zama rumbunsa.

Saboda haka ga abin da nake kira gare mu, ko muna wasa ko ba ma yi. Duk mai rubuta labarin da zai wuce shafi 50, ya buɗe wa kowane mutum, gari da abu mai muhimmanci shafinsa. Ya ba shi suna ɗaya tak da ba ya canzawa, don kada Hajiyar shafi na 12 ta zama Inna a shafi na 70 ba dalili. Ya rubuta alaƙa da cikakkiyar jimla, kamar “wannan zoben na mahaifiyar waziri ne, an sace shi daren ɗaurin aurenta,” domin jimla tana rayuwa ko mahaɗi ya mutu. Ya rubuta alaƙar ta ɓangare biyu, a shafin zobe da shafin waziri. Abin da ya kasa samar wa alaƙa ko guda biyu, ya cire shi daga labarin, komai daɗin sunansa. Sannan asalin duk wannan ya zauna a wurin da ba sai da izinin wani zai buɗe ba: fayil a wayarsa da kwafi a wani wuri, ko littafin rubutu mai bango. WhatsApp da Wattpad da Facebook kasuwa ce, a kai kaya a sayar, a dawo gida.

Aikin wannan mako: kowa ya ɗauko labarin da yake kan rubutawa, ya zaɓi abu biyar daga ciki, ya rubuta mana a ƙasa yadda kowanne ya shafi sauran huɗun. Wanda ya tarar da tsinken da ba ya cikin ɗauri, ya faɗa mana abin da zai yi da shi.