Neman haihuwa bayan shekara 35

'Yan uwa mata, wasunmu na cin bashin asusu su kai wa masu maganin kasuwa, kuɗi su ƙare, ciki shiru. In kin wuce shekara 35, kun yi wata 6 da maigida ba ciki, ki tafi likita nan Matamaye, don ƙwan mace raguwa yake da shekaru. Ku je tare: sau da yawa matsalar daga namiji take, awon maniyyi kuwa ba wuya. Ki riƙa lissafin al'adarki, ƙwai na fita kamar kwana 14 kafin jini na gaba. In an tura ku Damagaram, to nan bashin zai yi rana. Allah Ya ba mai nema.