FIRJIN MOTA MAI ƊAKI: A GYARA, A SAYAR, KO A SAKE SABO?

A Amurka da ƙasashen Turai akwai wata irin mota wadda ba mu saba gani a hanyoyinmu ba. Girmanta kamar na bas ne, amma cikinta ɗaki ne sosai: ga gado, ga murhu, ga wurin wanka, ga kuma firji. Magidanci ya kan ɗebi iyalinsa a cikinta lokacin hutu, su yi mako biyu ko uku suna yawo, inda dare ya yi musu nan ne masauki. Akwai ma tsofaffin da suka bar aiki, suka sayar da gida, suka koma cikinta ɗungum. To, ga mai irin wannan mota, ran da firji ya daina sanyi ba ƙaramar rana ba ce, gama abincin iyali da maganin mai ciwon sukari duk a ciki su ke, kuma sabon firjin kuɗi ne mai yawa.

Mai karatu zai ce ina ruwanmu da wannan? Da ruwanmu. Firjin da aka daɗe ana sa wa waɗannan motoci ɗan'uwan firjin kananzir ne, uwa ɗaya uba ɗaya, watau wanda manyanmu suka sani a barikoki da ɗakunan shan magani na ƙauye, inda babu lantarki. Wuta ce ke sa shi sanyi. Bambancin kurum, namu lagwani ne da kananzir, nasu kuwa harshen gas ne, ko waya mai ɗaukar zafi in an sami lantarki. Saboda haka duk hukuncin da ya dace da wancan ya dace da wannan, kuma akawun da ke riƙe da littafin sito, wanda alƙalaminsa ne ke rubuta cewa kaya ya mutu a kai shi gwanjo, ya kamata ya san abin da ya ke sa wa hannu.

Ra'ayinmu shi ne, kada a yanke shawarar gyara ko sayarwa ko sakewa sai an amsa tambaya guda: lalacewar nan a wajen bututu ta ke, ko a cikinsa? Ba za a gane nauyin tambayar ba sai an san yadda abin ke aiki.

Ɗalibai biyu ne suka ƙago shi a birnin Istokholm na ƙasar Suwidin cikin 1922, Baltzar von Platen da Carl Munters, sa'an nan kamfanin Electrolux ya saye sana'ar a 1925. Bayan firjin akwai bututun ƙarfe mai lanƙwashe-lanƙwashe, an rufe shi ruf da walda. Cikinsa akwai ruwa, da amoniya, da iskar haidurojin, da wani magani rawaya mai hana tsatsa. In an hura wuta a gindi, sai amoniya ta rabu da ruwa ta tashi sama tana tururi, ta huce ta koma ruwa-ruwa, ta gangaro cikin bututun da ya ratsa akwatin abinci. A nan ta kan gamu da haidurojin ta sake zama tururi, kuma garin haka ta kan zuƙe zafin da ke cikin akwatin. Daga nan ruwa ya sake shanye ta, su koma gindi tare, a sake zagayowa. Kowa ya san yadda randa ke sanyaya ruwa saboda gumin da ke bushewa a jikinta. Asalin hikimar ɗaya ce. Malamin da ke koyar da darasin zafi da tururi ba zai sami misalin da ya fi wannan ba.

Abin lura, babu inji a ciki, babu abin da ke juyawa, ba ya ko ƙara. Nauyin ruwan ne kaɗai ke gangaro da shi. Don haka tilas firjin ya zauna daidai. Littafin kamfanin Norcold na Amurka ya ce kada karkata ta wuce digiri 3 daga gefe zuwa gefe, ko digiri 6 daga gaba zuwa baya. Sa'ad da mota ke tafiya babu laifi, girgiza na motsa ruwan. Amma in aka ajiye ta a gangare firji na kunne, ruwan ya kan taru inda bai kamata ba, gindin ya yi zafi fiye da kima, maganin nan rawaya ya daskare ya toshe siririn bututu. Ɓarnar ba ta bayyana rana ɗaya, tarawa ta ke yi kaɗan kaɗan. Mai mota ya kan ce firji ya mutu ba dalili, alhali shi ya yi shekaru yana kashe shi da hannunsa.

To, ga yadda a ke rarrabewa. A gwada shi da gas, a kuma gwada shi da lantarki, ko wanne a ba shi kwana guda, gama irin wannan firji ba ya sanyi da gaggawa. In ya yi sanyi da ɗaya ya ƙi da ɗaya, bututu lafiya lau ya ke, sai a yi hamdala. Watakila fis ne ya ƙone, ko wayar zafi ta yanke, ko tsatsa ta zubo kan bakin wuta, ko gizo-gizo ya yi saƙa a hanyar gas, ko kunkunniya ta cika bututun hayaƙi. Harshen gas mai lafiya shuɗi ne. In ya yi ja-ja yana hayaƙi, a kashe a share, domin irin wannan wuta ta kan fid da iska mai guba wadda ba ta da wari. Wani lokaci ma laifin na robar bakin ƙofa ne, ko kuwa iska ce ba ta ratsa bayan firjin. Duk waɗannan gyara ne na yini ɗaya da kuɗi kaɗan. Wanda ya jefar da firji saboda saƙar gizo ya yi almubazzaranci, in kuwa da kuɗin jama'a aka saya, laifin ya zama biyu. Mun sha ganin kayan makaranta a jibge a sito an rubuta sun mutu, ba kuwa wanda ya taɓa kwance ko ƙusa ɗaya ya duba.

Amma fa in aka buɗe bayan aka ji warin amoniya mai hawa kai, ko aka ga garin nan rawaya ya zubo kusa da wurin wuta, magana ta sake. Bututu ya huje. A kashe gas da lantarki nan take, a buɗe tagogi. A nan ba mu goyon bayan ƙwarewar bakin hanya ko kaɗan. Abin da ke cikin bututun a matse ya ke ƙwarai, haidurojin kuwa mai kama wuta ce, ga kuma harshen gas dab da ita. Mai walda na gari, kome gwanintarsa, ba shi da kayan da zai sake cika shi bisa ma'auni. Kada a ce muna tsoratarwa ne. A 2006 kamfanin Dometic, wanda ya fita daga jikin Electrolux a 2001, ya yi shelar a kawo firji fiye da 900,000 a yi musu ƙarin kariya kyauta, saboda bututun gindinsu na iya tsagewa wuta ta tashi. Ya ƙara wasu a 2008. Norcold ma ya yi irin wannan kira a 2010. In masu ƙera abin da kansu sun ji tsoronsa haka, ina ga mai faci? Mota mai ɗaki kuwa katako ne da soso da labule, kuma mutane na barci taku biyu daga firjin.

Ko a nan ɗin ma ba lalle ne a yar da firjin duka ba. A kan cire bututun baya gaba ɗaya a sa wani, akwatin da ƙofofinsa su zauna yadda su ke. A jihar Indiyana, inda a ke ƙera yawancin waɗannan motoci na Amurka a kewayen garin Elkhart, akwai masu wannan sana'a, cikinsu har da mutanen Amish, waɗanda ba su jawo lantarkin gari zuwa gidajensu, don haka suka daɗe da sanin firjin gas. In akwatin na da sauran ƙarfi, wannan ita ce hanyar da muka fi so. Ta fi sabo araha, ba ta kuma bukatar a fasa kabad, balle a cire taga don fitar da tsohon, abin da ya kan faru in firjin ya fi ƙofar motar faɗi.

Masu cewa a sake sabo su ma suna da hujja, ba za mu ɓoye ta ba. Yanzu da yawa sun koma ga firji mai kwamfuresa wanda ke aiki da batirin mota. Yana sanyi da sauri, bai damu da gangare ba, babu harshen wuta, ya kuma fi jure zafin rana, wanda shi ne babban raunin firjin wuta. Wannan na cikin dalilan da suka sa ma'aikatan lafiya suka juya daga firjin kananzir zuwa mai aiki da hasken rana wajen ajiye maganin rigakafi, wanda ke son sanyi tsakanin digiri 2 da 8 ba hawa ba sauka. Sai dai a yi lissafi tukuna. Tukunyar gas ɗaya ta kan riƙe tsohon firjin makonni a daji. Sabon kuwa dare da rana yana shan batir, sai an ƙara batura da faifan hasken rana, a toshe hanyar gas da kyau. Wanda bai shirya wannan ba, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Saura maganar sayarwa, wadda ita ce ta fi damunmu. Wannan firji ya fi ko wane kaya sauƙin cuta. Mai rai da matacce duk shiru su ke, ba kuma za a gane sanyinsa cikin rabin sa'ar ciniki ba. Mai son zamba ya kan goge garin rawaya, ya kwana da ƙanƙara a ciki, da safe mai saye ya sa hannu ya ji sanyi. Akwai kuma tsohuwar dabarar nan da aka sani tun zamanin firjin kananzir, ta kifa shi kai ƙasa ya kwana, sa'an nan a tashe shi. Wani lokaci ta kan sa ya farfaɗo na ɗan kwanaki, amma ba ta narkar da abin da ya daskare. Mutum ya yi wa nasa don ya lallaɓa, wannan ruwansa. Ya yi ta jajiberin ciniki ya kuma yi shiru, wannan algus ne. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa wajibi ne mai sayarwa ya faɗi aibin hajarsa, kuma mai saye na da ikon mayar da kayan da aka ɓoye masa aibinsu. Balle aibin da zai iya cinna wa iyalin wani wuta suna barci.

Ba mu ce kada a sayar ba. Mataccen firji ma yana da kuɗinsa: ƙofofi, da bakin wuta, da allon wayoyi, da kantocin ciki duk ana nemansu, masu sabunta bututu kuma su kan karɓi tsohon. A sayar da shi da sunansa, a ce matacce ne, ga abin da ya kashe shi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a tura matsalar gaba ga wanda bai sani ba, ko maƙwabci ne ko mutumin wata ƙasa. Ghana ta gaji da zama jujin tsofaffin firjin Turai, ta hana shigo da su tun 2013.

Mai saye kuwa kada ya yarda da cinikin biri a sama. Ya buɗe murfin baya ya sunsuna, ya duba da tocila. Ya tarar da firjin a kashe, cikinsa ba sanyi, a kunna a gabansa, ya sa ma'aunin zafi cikin kofin ruwa ya rufe, ya dawo washegari. In bai sauko wajen digiri 4 ba, akwai magana. Ya sake gwadawa da ɗaya hanyar wutar. Sa'an nan ya kwafi lambar da ke jikin firjin ya tambayi kamfanin ko yana cikin waɗanda aka kira, in yana ciki kuma, ko an yi masa ƙarin kariyar. Mai sayarwar da ya ƙi haƙurin kwana biyun nan, a bar masa kayansa.