Lafiyar Iyali: Get mai rimot ba shi da ido

Yau ba zancen zazzaɓi ko abincin yaye za mu yi ba, ƙofar gida za mu leƙa.

Duk wadda take bi ta sababbin gine-gine a Samaru, Hanwa, Palladan ko GRA ta lura da yadda get mai rimot yake ƙaruwa. Har nan Unguwar Gabas ya fara shigowa. Maigida ya dawo, tun daga kwana ya danna rimot, get ya zuge da kansa, ya shige da mota, get ya koma ya rufe. Ni ba na cikin masu sukar abin. Wanda yake dawowa da dare ba ya son fitowa daga mota a wannan zamani, ga ruwan damina, ga albashin maigadi da ba kowa zai iya ba. Ci gaba ne, kuma yana da amfani.

Amma akwai abin da muka rasa ba mu sani ba ranar da aka ɗaura wa get inji. Maigadi ko yaron da yake tura get da hannu yana da ido, yana ganin ƙaramin yaro ya rugo. Yana da kunne, yana jin ihu. Hannunsa ma yana jin get ya daki wani abu, ya dakata. Inji ba shi da ko ɗaya. An ce masa ya rufe, zai rufe, ko akuya ce a hanya ko ɗan mutum. Sai dai idan an sa masa na'urorin da za su zame masa ido da jin taɓawa, waɗanda masu haɗawa suke kira sensa. Kuma su ne abin da ake fara sokewa idan aka zo rage kuɗin aiki.

Ki duba irin get ɗin da masu waldarmu suke ƙerawa: faranti mai kauri, ƙarafa jibga-jibga, saboda muna son ya tare ɓarawo. Injin Centurion D5, wanda ake yawan sa wa gidaje a Najeriya, an yi shi ne don ya ja get mai nauyin da ya kai kilo 500. Yaro ɗan shekara uku kuwa nauyinsa bai fi kilo 14 ko 15 ba. Ki auna da kanki.

Ba hasashe nake ba. A Birtaniya, tsakanin ƙarshen watan Yuni da farkon Yuli na 2010, cikin mako guda, get mai inji ya kashe yara mata biyu: 'yar shekara shida a birnin Manchester, da 'yar shekara biyar a garin Bridgend na yankin Wales. Dukansu get ne mai zugewa gefe, irin wanda muka fi so a nan, kuma dukansu a unguwarsu abin ya same su, get ya matse su a jikin ginshiƙi bai tsaya ba. Hukumar kula da lafiyar wuraren aiki ta ƙasar, HSE, ta fitar da gargaɗi a wannan shekarar, aka kafa ƙungiyar Gate Safe don horar da masu haɗa irin wannan get, daga baya kotu ta ci tarar kamfanonin da aikin ya bi ta hannunsu. Wannan a ƙasar da ake da doka da masu bin diddigi ke nan. A wurinmu mai walda ya ƙera, mai haɗa wuta ya ɗaura inji, a biya su su kama gabansu. Idan akwai wanda zai biyo baya ya gwada aikin, to mutanen gidan ne.

Abin da ya sa matsewar get ta fi yanka ko karaya tayar mana da hankali a asibiti shi ne yadda take kisa shiru. Idan ƙarfe ya danne ƙirjin yaro, ƙirjin ba zai iya buɗewa ya ja iska ba. Wanda ba ya jan iska kuma ba ya iya ihu. Uwa tana kicin, tsakaninta da get taku ashirin, ba za ta ji komai ba sai ƙarar inji. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida babu iska. Wannan lokacin bai isa a nemo lambar mai gyara ba, balle ya iso daga Sabon Gari.

To, me ake sa wa get don ya gani?

Na farko shi ne wanda aka fi sani: 'yan akwatuna biyu ƙanana da ake kafawa a ginshiƙan get, suna kallon juna. Ɗaya yana aika wa ɗaya haske wanda idon mutum ba ya gani. Da zarar wani abu ya gifta ya yanke hasken, get ya tsaya ya koma baya. Yana da kyau, amma ki san iyakarsa: layi ɗaya siriri kawai yake gani. Idan an kafa shi sama don ya hango mota, jariri mai rarrafe zai bi ta ƙarƙashinsa. Idan a waje kaɗai aka sa, wanda yake tsaye ta ciki bai shiga lissafi ba. Shi ya sa gidan da yake da ƙananan yara ya kamata a sa ciki da waje, kuma a ƙasa-ƙasa.

Na biyu roba ce mai kauri da ake mannawa a bakin get daga sama har ƙasa, tana da waya a cikinta. Ita ba ta jiran haske, da ta taɓa jiki ta lotsa sai inji ya juya. Na uku kuma a cikin injin kansa yake: ana saita iyakar ƙarfin da zai tura da shi, idan ya ji turjiya ya saki. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 12453 ta ce a wurin da get zai iya matse mutum kada ƙarfin ya wuce kwatankwacin nauyin kilo 40, kuma dole ya sauko zuwa kusan kilo 15 kafin daƙiƙa ɗaya ta cika. Matsalar da muke da ita, idan tayoyin get sun ci tsatsa ko layin ƙarfen da yake gudu a kai ya cika da laka da tsakuwa, get ya yi nauyin ja, mai gyara maimakon ya share layin ya sake tayoyi sai ya ƙara wa inji ƙarfi. Get ya ci gaba da tafiya sumul, kowa ya ji daɗi, alhali an kashe kariya ta uku ke nan.

A Amurka ƙa'idarsu ta UL 325 tun shekarar 2000 ta wajabta hanyoyin kariya biyu masu zaman kansu, don idan ɗaya ta gaza ɗaya ta kama. A 2016 suka ƙara wani sharaɗi: injin ya riƙa duba sensa da kansa, idan an cire ta ko ta mutu ya ƙi rufewa da kansa. Dalilin wannan ƙari shi ne ainihin abin da zai faru a Zariya kowane hunturu. Ƙurar Disamba da Janairu ta lulluɓe gilashin 'yan akwatunan nan, ko gizo ya yi saƙa a kai, get ya ɗauka akwai abu a hanya ya ƙi rufewa. Maigida ya yi latti, ransa ya ɓaci, ya kira mai gyara, shi kuma ya haɗe wayoyin biyu ya ce an gama. Akwatunan suna nan a ginshiƙi kamar suna aiki, amma get ya makance. Maganin kuwa tsumma ne mai laushi a goge gilashin, aikin minti ɗaya. Idan mai gyara ya zo gidanki a kan get ya ƙi rufewa, ki aika a tambaye shi ƙarara: Malam, gyara sensar ka yi ko tsallake ta ka yi?

Akwai wurin da kusan kowa yake mantawa, wato bayan get. Hankalinmu yana kan bakin da yake rufewa, amma idan get yana buɗewa jelarsa tana tafiya ne wajen katanga. Wannan lungun tsakanin get da katanga wurin ɓuya ne ga yara, kuma a nan ake jingine keke da bokiti. Haka get mai sanduna da ake leƙe ta tsakaninsu: yaro ya zura hannu ko kai, get ya motsa, ya ja shi zuwa ginshiƙi kamar almakashi. Amurkawa sun iyakance irin wannan rata, ba a barin wadda ta kai inci biyu da kwata. Mai walda zai iya toshe miki ita da ragar ƙarfe a yini ɗaya. Sun kuma ce maɓallin buɗewa na jikin bango ya yi nisan aƙalla ƙafa shida daga get, don kada wani ya zura hannu ta cikin sanduna ya danna.

Sai wata al'ada tamu da ba ta jituwa da inji ko kaɗan: ƙaramar ƙofar da ake yankawa a jikin get don masu shiga da ƙafa. Lokacin da ake turawa da hannu babu laifi. Yanzu kuwa yarinya ta ɗaga ƙafa za ta tsallaka, ɗauke da ƙaninta, Abbansu daga kwanar layi ya danna rimot bai gan ta ba, ƙofar da take ciki ta fara tafiya da ita. Mafi alheri a fasa katanga a yi wa mutane ƙofarsu daban. Idan ba hali, akwai makunnin da ake sawa wanda yake hana inji tashi muddin ƙaramar ƙofar tana buɗe. Kuma ki tuna ba 'ya'yanki kaɗai suke bin ƙofar nan ba. Almajirin da yake zuwa karɓar abinci, 'yar talla, yaran maƙwabta masu zama a inuwar get da rana, duk alhakinsu yana wuyan masu gidan.

Na san a yawancin gidajenmu maganar gini da get ta maigida ce, uwargida sai dai ta ga an kawo kaya. Amma ke ce kike gida da yaran lokacin da get ɗin yake aiki. Ba sai an yi gardama ba. Ki ce, Abban yara, tunda za a sa injin nan, don Allah a tambayi mai aikin ko sensa tana cikin lissafin da ya bayar, idan babu a ƙara. Kuɗinta bai kusa na injin ba. Ki kuma roƙi abu biyu da ba sa cin ko sisi: a kashe saitin da yake sa get ya rufe da kansa bayan 'yan daƙiƙu, kuma kada kowa ya danna rimot sai idonsa yana kan get har ya gama tafiya. Rimot ɗin kansa a rataye shi inda ake ajiye magani, ba a kan tebur ba. Yaran da suke hawa get suna lilo kuwa, wannan a hana tun ranar farko.

Gwaji ba ya buƙatar injiniya. Sau ɗaya a wata, ki sa a danna rufewa, a tura kwali da sanda a gaban sensa. Ya kamata get ya tsaya nan take ya koma. Sannan a ajiye jarka marar komai a kan hanyarsa, a inda hasken ba ya kaiwa, a ga ko zai saki idan ya taɓa ta ko zai murƙushe ta. Kada a gwada da hannu ko ƙafar kowa. Ki duba ƙarshen layin ƙarfen kuma, ko akwai toshiyar ƙarfe mai ƙarfi da za ta hana get zarcewa. Wannan ya shafi har masu get na hannu, domin get da ya sauka daga layinsa faɗowa yake yi gaba ɗaya a kan wanda yake kusa, kuma galibi yaron da aka aika ya buɗe ne.

Kowane inji yana da makullin da ake sakinsa da shi don a tura get da hannu idan an ɗauke wuta ko batir ya mutu. Ina makullin gidanku yake a yanzu? Idan amsar ita ce yana jikin makullan motar maigida, to a yanko wani a rataye kusa da ƙofar falo, kuma ke da duk wani babba a gidan, har mai aiki, ku koyi sakinsa da hannunku, ku maimaita har ya zauna.

Idan Allah ya ƙaddara get ya kama yaro, a saki inji a tura get baya, kada a fizgo yaron ta hannu. Idan kai ko wuya abin ya kama, a tallafe su a miƙe wajen ɗauka. Idan ba ya numfashi a fara danna ƙirji da hura iska nan take, wani kuma ya tayar da mota. Wadda ba ta iya ba ta nemi koyo, ƙungiyar Red Cross tana koyar da agajin gaggawa. Fuska ta kumbura ta yi duhu, ko farin ido ya yi ja, alama ce an matse ƙirji sosai. Abin da na fi so ki riƙe shi ne yaron da ya miƙe ya ce ba komai. Haƙarƙarin yara yana lanƙwasa ba tare da ya karye ba, don haka hanta ko saifa ko huhu suna iya jin rauni a ciki, jini yana zuba, waje kuwa ko ƙwarzane babu. Kada a ba shi abinci ko ruwa, kada a fara da mai ɗori, kada a ce a bari zuwa safe. A wuce da shi sashen gaggawa na asibitin koyarwa na ABU da ke Shika ko babban asibiti mafi kusa, a faɗa musu get ne ya matse shi da kuma tsawon lokacin da ya yi a matse. Ciwon ciki, amai, saurin numfashi, tafin hannu ya yi fari, yawan barci ko jini a fitsari, kowanne ya isa a ƙara sauri. Idan yatsa ne ya guntule, a danne wurin da tsumma mai tsafta, guntun kuma a naɗe shi a ƙyalle mai ɗan danshi, a ƙulle a leda, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara. Kada ƙanƙarar ta taɓa naman kai tsaye, kuma a tafi da shi tare da yaron.