Ina tuwo a allon ƙanina?

1/ Ƙanina shekararsa 9, ba ya magana. Yana ji, yana ganewa. Amma yunwa da ciwo duk kuka ɗaya yake musu, mu yi ta canka. 🧵

2/ A ajinmu na koyar da masu buƙata ta musamman na fara ganin allon hotuna: takarda mai gida-gida, kowane gida da hoto da kalmarsa. Yaro ya nuna ruwa, a ba shi ruwa.

3/ Boardmaker ce manhajar da ta yi suna wajen haɗa shi, amma da dala ake biya. ARASAAC ta gwamnatin yankin Aragon a Sifen kyauta ce. Cboard ma kyauta, har a waya.

4/ Sai dai don yaran can aka zana hotunan. Tuwo fa? Koko? Buta? Yaro ba zai nuna abin da bai taɓa gani ba.

5/ Sai na ɗauki hoton kofinsa, butarsa da Umma, na haɗa, na buga a shagon kwamfuta, aka rufe da leda. Ba caji, ba data.

6/ Gwaggo ta ce allo zai sa shi kasalar magana. Na ce Gwaggo, shekara 9 muna jira, shi ma yana da abin faɗa.

7/ Jiya ya nuna ciwo, ya nuna kunne. Umma har da ƙwalla.

8/ Masu zane, 'yan kwamfuta, don Allah mu zana namu mu sake su kyauta. Wa zai fara da tuwo?