Gidan Harewood: Daular da Rake da Gumin Bayi Suka Gina

A arewacin birnin Leeds na ƙasar Ingila akwai wani katafaren gidan dutse mai suna Harewood, wanda jama'a ke biyan kuɗi su shiga kallo. An aza harsashinsa a 1759, aka kammala a 1771, domin wani attajiri, Edwin Lascelles, wanda bai yi ƙwauron kuɗi wajen neman gwanaye ba. John Carr ya zana ginin, Robert Adam ya ƙawata ɗakunan, Thomas Chippendale, kafintan da ya fi kowa suna a zamanin, ya yi kujeru da gadaje. Filin da ke kewaye, kimanin eka 1,000, aka damƙa wa Lancelot Brown. Shi ya datse rafi ya faɗaɗa tafkin gidan, ya dasa itatuwa rukuni-rukuni, har baƙo ya ɗauka haka Allah ya halicci wurin.

Kuɗin wannan aiki kuwa daga ƙetare ya zo. Mahaifin Edwin, Henry Lascelles, ya yi aikin kwastan a tsibirin Barbados, ya yi fataucin sukari, ya zuba jari a jiragen da ke jigilar bayi daga Afirka ta Yamma, yana kuma bai wa masu gonakin rake bashi. Wanda ya kasa biya, gonarsa da bayinsa su koma hannun masu bin bashi. Ta haka, zuwa 1787, iyalin suna da hannu a gonaki 47 a tsibiran Karibiyan.

Da Birtaniya ta yi dokar haramta bauta a 1833, sai gwamnati ta ware fam miliyan 20 ta biya diyya ga iyayen giji. Magajin Harewood na lokacin ya karɓi sama da fam 26,000 a kan mutum 1,277. Su bayin ko sisi ba su samu ba, aka ma tilasta musu ci gaba da aiki da sunan koyon sana'a har 1838.

Gidan ya ci gaba da ɗaukaka. A 1922 Gimbiya Mary, 'yar Sarki George na Biyar, ta auri ɗan gidan, kuma a nan ta rasu a 1965. Shekara da shekaru, labarin gimbiya da kujerun Chippendale ne ke gaba, na masu saran rake yana can baya.

Abin yabo shi ne matakin da magajin yanzu, David Lascelles, ya ɗauka. An miƙa tsofaffin takardun gonakin ga Cibiyar Borthwick ta Jami'ar York, inda masu bincike ke dubawa. A 2023 an rataye hoton ɗan wasan kwaikwayo David Harewood a gidan, mutumin da kakanninsa bayin iyalin ne a Barbados, daga nan ma ya gaji sunan. A shekarar ce kuma magajin ya shiga ƙungiyar Heirs of Slavery, ta jikokin masu bayi da ke kira da a nemi afuwa, a gyara ɓarna.

Akwai masu ganin wannan tone-tone ɓata sunan magabata ne. Sun yi ca a 2020, lokacin da ƙungiyar National Trust ta fitar da rahoton gidaje da wurare 93 da ke hannunta masu alaƙa da bauta ko mulkin mallaka. Hujjarsu ba ta da ƙarfi. Ba wanda ya ce a rushe Harewood ko a raina aikin Adam da Brown. Gidan da ke karɓar kuɗin jama'a da sunan koyar da tarihi, wajibi ne ya faɗi wanda ya biya kuɗin ginin, kamar yadda yake faɗin wanda ya zana shi.

Da sauran aiki ma. Tun daga 1817 hukumomin mulkin mallaka suka riƙa rajistar bayi a Barbados da Jamaika, kowa da sunansa, kuma kundayen suna nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasar Birtaniya da ke Kew. Ya kamata a zaƙulo sunayen mutum 1,277 ɗin nan a rubuta su a babban zauren Harewood, a kuma ware wani kaso na kuɗin shiga domin karatun yara a garuruwan da gonakin suke.